Babi na Bakwai: Neman Ido ga Fulam ɗin Baffa

Ranar da Baffa ya ajiye gini bai tara kowa ba. Ya dai aiko yaro ya kira ni bayan la'asar, na same shi a zaure bisa buzu, ga wani tsohon buhu a gabansa. Baffa ƙanin mahaifina ne. Ya shekara fiye da arba'in yana aikin birkila, daga nan Achika zuwa cikin garin Wudil, har birnin Kano a shekarun da aiki ya yi yawa. Ya zazzage buhun: cokulan gini biyu da bakinsu ya cinye, igiya a naɗe jikin kara, guduma, sai wani dogon katako mai duhu da ya naɗe daban cikin tsohon rawani. Cokulan da gudumar ya ce a raba wa yaran da suka koyi aiki a hannunsa. Katakon kuwa ni ya miƙo wa, da hannu biyu.

"Kai ne mai yawon birni," in ji shi. "Idonsa ya mutu. Ka nemo masa ido."

Fulam ne mai tsawon ƙafa biyu. Katakonsa ja ne mai duhu, dangin maɗaci, ya sha hannu har yana sheƙi a inda ake riƙe shi. An lulluɓe kai da gindinsa da tagulla don kada su cinye, amma ta gefe ɗaya ta ɓalle tuntuni. A tsakiya akwai ɗan farantin tagulla mai taga, ta nan ake leƙa kwalbar. Kwalbar ce ta tsage ranar da fulam ɗin ya suɓuce daga saman wani gini, ruwan cikinta ya tsiyaye, ta bushe ƙayau. Ƙaramar kwalbar da ke kusa da kai, wadda ake auna tsayuwar bango da ita, tana nan da ranta. Biyu daga notunan farantin sun ɓata, Baffa ya maye gurbinsu da ƙusa. Da na goge farantin da bakin riga sai rubutu ya fito: J. Rabone & Sons, Birmingham.

Birkilolinmu fulam suke ce wa wannan ma'auni, wasu kuma su ce lebur. Duka sunayen biyu aro ne daga Turanci, na farkon ma asalinsa sunan dalmar nan ce da ake ratayewa a igiya don a ga ko bango ya miƙe. Kwalbar kuwa mu muka raɗa mata suna, muka ce ido, kuma sunan ya dace. Da ita magini ke ganin abin da nasa idon ba ya iya gani: ko layin bulo ya kwanta daidai, ko bango ya tsaya cak bai rusuna ba.

Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna gini ba su san shi ba, kuma ba su yi asara ba. Ginin tubali ba ya neman fulam. Magini na zaune bisa bango, ana jefo masa tubali yana cafewa yana jerawa, yana bi da ƙasa yana shafewa da tafin hannu. Bangon yakan fara da kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa, saboda haka nauyinsa a kansa yake komawa, ɗan karkacen da aka samu a wannan sahu sai a cike shi da ƙasa a sahu na gaba. Da ido da hannu da igiya aka gina Gidan Rumfa a Kano a ƙarni na 15. Da su Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, aikin da har yau masu nazarin gine-gine ke zuwa daga ƙasashe don su gani. Ƙasa tana da haƙuri, tana yafe kuskure.

Bulo ba ya yafewa. Shi mai kusurwa ne, kuma bangonsa kaurinsa ɗaya daga ƙasa har sama, inci 6 ko inci 9. In sahu na farko ya karkace, na biyu zai gaje shi, na goma ya fito da shi fili kowa ya gani. Don haka bulo da fulam tare suka shigo mana. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya riƙa sauke siminti da kwano da kayan aiki a kantunan Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant. Kafin nan da shekara biyu, a 1909, Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, har da sashen koyar da sana'o'in hannu. Ma'aikatar ayyuka ta gwamnati da ta En'e suka horar da birkiloli da kafintoci. Amma siminti bai zama abin ƙauye ba sai da aka fara yin sa a Arewa, a Sakkwato daga 1967, a Ashaka daga 1979. A tsakanin waɗannan shekaru Baffa ya shiga sana'a, a hannun wani ubangida da ya yi aiki da En'e ta Kano. Wannan ubangida shi ya bar masa fulam ɗin.

Rubutun farantin ya gaskata labarin. Kamfanin Rabone tun 1784 yake ƙera ma'aunai a birnin Bamingam na Ingila. A 1963 ya haɗe da kamfanin James Chesterman na Shefil, suka koma Rabone Chesterman, daga baya kuma kamfanin Stanley na Amurka ya saye su. To fulam ɗin da ke ɗauke da sunan Rabone kaɗai, da wuya a ce bai kai shekara sittin ba. Wannan ya faɗa mini abu biyu tun kafin in fita nema. Na ɗaya, babu wani wakilin kamfani da zan je in tambaya. Na biyu, duk abin da ke jikinsa da inci aka auna shi, alhali kayan da ke kasuwa yanzu mafi yawansu da milimita aka yi su.

Kafin mutum ya nemo ido, ya kamata ya san yadda ido ke aiki, in ba haka ba zai sayo abin da ba shi ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Melchisédech Thévenot ne ya ƙirƙiro shi, wajen 1661, mutumin da daga baya ya zama mai kula da ɗakin littattafan Sarki Luwi na 14. Dabarar ba ta da wuya. A sami siririyar kwalba, a zuba mata ruwa a bar ɗan gurbi, a toshe. Iskar da ta rage ita ce kumfar, kuma kumfa kullum wuri mafi tudu take nema. Sirrin yana ga siffar kwalbar. Ba miƙaƙƙiya ba ce. Tana da ɗan doro a tsakiya kamar bakan maharbi da aka sassauta wa tsirkiya, doron da ido ba ya cika kamawa sai an ɗaga ta an duba a haske. In katakon ya kwanta daidai, tsakiyar doron ce wuri mafi tudu, sai kumfa ta tsaya nan tsakanin zane biyu. In gefe ɗaya ya ɗaga, sai ta haura can.

Girman doron shi ke nuna kaifin idon. Ɗauka cewa kwalbar yanki ce na wata da'ira. In daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta santimita 20 ne, sai gini ya karkace da santimita 1 a kowace mita kafin kumfa ta gusa da milimita 2. Irin wannan ya ishi birkila. Masu girka injina a masana'anta kuwa suna da fulam wanda da'irar kwalbarsa ta kai mita 100, wanda in ka sa siririn gashi a ƙarƙashin gefe ɗaya sai kumfar ta motsa. In ka ɗora wa birkila irin wannan ka cuce shi, don kumfa ba za ta taɓa natsuwa ba, zai wuni bai aza bulo goma ba. Ruwan ciki ma ba ruwan sha ba ne. Sifirit ne ko wani sinadari mai tsinkewa irinsa, wanda ba ya manne wa gilashi kuma ba ya daskarewa a ƙasashen sanyi, aka sa masa launi tsanwa-tsanwa don a gan shi. Zafi yana sa shi kumbura, shi ya sa kumfa takan tsuke da bazara ta ƙara tsawo da hunturu. Wannan ba illa ba ce. Amma kumfar da kullum girma take yi, ko da wane yanayi, alama ce kwalba tana yoyo, kwananta ya kusa ƙarewa.

Na fara da Wudil ranar Juma'a, ranar da gari ke cika da fatake da masu shanu daga ko'ina. Rumfunan kayan gini na da fulam birjik, na alminiyam masu launin rawaya da ja, a rataye kamar kilishi. Duk wanda na nuna wa na Baffa sai ya juya shi, ya yaba nauyinsa, ya miƙo mini. Amsar ɗaya ce: ba a gyara wannan, sai dai a sayi sabo. Ban ga laifinsu ba. Sabon fulam an yi shi ne a rufe, idonsa a manne cikin roba, ranar da ya mutu ranar ake yar da shi. Ɗan kasuwa kuma abin da ake nema yake kasawa.

Mako na gaba na hau mota zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 40. Na bi shagunan kayan aiki na Sabon Gari ɗaya bayan ɗaya, na faɗa Ƙofar Ruwa inda ake cewa in ka rasa ƙarfe a can to ka haƙura. A can, a wani lungu na 'yan gwangwan, na tarar da wani dattijo a tsakiyar tsofaffin sifanu da kwaɗuna da injinan ban ruwa da aka farke. Ya karɓi fulam ɗin, ya kai shi saitin idonsa ya hango tsawonsa kamar mai duba bindiga.

"Na wane ne?"

"Na Baffana ne, Baba. Ido nake nema masa."

"Katakon nan bai motsa ba," in ji shi. "Yaro, ka daina tambayar ido a shago, ba mai sayar maka da ido zalla. Kayan gyaran fulam, fulam ne. Nemi wanda jikinsa ya mutu idonsa na da rai."

Wannan magana ita ta buɗe mini hanya, kuma ita ce abin da zan fi so mai karatu ya riƙe. Fulam kashi biyu ne, jiki da ido, kuma da wuya su mutu rana ɗaya. Na alminiyam yakan lanƙwashe in tifa ta taka shi ko bulo ya faɗo masa, idanunsa uku suna nan lafiya. Na katako gara takan cinye shi ko damina ta murɗe shi, kwalbarsa ba abin da ya same ta. Irin waɗannan gawarwaki suna ƙarewa ne a buhun 'yan jari bola, ana auna su a sikeli da sauran tarkace. Can ne kantin kayan gyaranmu yake, sai dai ba a rubuta masa allo ba.

Amma ba kowane ido ke shiga kowane gurbi ba. Na yi kuskure sau biyu kafin in gane. Na fara sayen wani lanƙwasasshen fulam na zamani na fasa shi, sai na tarar idonsa dunƙulen roba ne mai kusurwa huɗu, an rarake cikinsa kamar ganga. Irin wannan ya yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yana da kyau ƙwarai, ba ya fashewa da sauƙi. Sai dai ba ya shiga ramin tsohon katako sai an faɗaɗa ramin, ni kuwa ban yarda a sa wa katakon Baffa kurfi ba. Na biyu kwalba ce zagayayya, amma ta fi gurbin gajarta, zanenta bai zo saitin taga ba. Daga nan na koyi tafiya da gutsuren tsohuwar kwalbar a cikin akwatin ashana, da ɗan kara da na yanka daidai tsawon gurbin. Abu uku ake dubawa: tsawo, kauri, sai saurin kumfa. Na ukun ana gane shi ne ta sa kwalbar a kan katako a ɗaga gefe ɗaya da kaurin kwali. Kumfar kirki takan tafi a hankali ba tare da ta tsaya tana cijewa ba.

Wani abokina ya ba ni shawarar in sami fankon kwalbar allura daga kemis, in ɗura mata sifirit in toshe da gam. Na gwada don in gani da idona. Kwalbar allura miƙaƙƙiya ce, ba ta da doro, saboda haka kumfa ba ta da wurin tsayawa, ƙiris za ka motsa ta ruga ƙarshe. Kada kowa ya ɓata lokacinsa. A intanet kuwa akwai masu sayar da kwalabe zalla a Ingila da Amurka da Sin, kowane tsawo da kauri, wasu ma daga tsofaffin Rabone da Stanley aka ciro su. Wanda ke da ɗan'uwa mai dawowa daga can, wannan hanya ce mai kyau. In kuwa aikowa za a yi, kuɗin aike a farashin dala ya ninka kuɗin kwalbar sau da yawa, ga shi gilashi ne siriri da zai ratso hannuwa barkatai.

Sai a zuwa na huɗu aka dace. Dattijon nan ya ajiye mini wani guntun fulam na kafinta, tsawon taƙi ɗaya, wanda gara ta mayar da katakonsa kamar soso. Na murƙushe shi da yatsu, kwalba ta fito a kwance cikin farin gari, gilashi ce mai doro, ruwanta ya koɗe ya zama kamar ruwan lemon tsami, amma kumfarta daidai take. Na gwada ta da karana, ta zo cif. Na tambayi kuɗi ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa, in kuma gaishe masa da mai fulam.

Sauran kayan ba su ba ni wuya haka ba, amma kowanne sai da na je wurin mai shi. Notunan farantin na tagulla ne masu tsaga ɗaya a ka. Na kasuwa yanzu ƙarfe ne, kuma ƙarfe a jikin katakon da kullum ke cikin jiƙaƙƙen siminti tsatsa zai yi, ya baƙanta katakon, ya ci ramin. Wurin wani mai gyaran agogo na samo su, a cikin gwangwanin da yake tara notunan tsofaffin agogunan bango. Ramukan da ƙusar Baffa ta faɗaɗa na cike su da tsinken ashana da gam, suka kama noti kamar sababbi. Tagullar gindi kuwa maƙerin fari na kai wa, irin masu ƙera mundaye da kayan doki. Ya kwance ta ɗaya gefen ya zana siffarta a kan wani tsohon faranti, ya yanka, ya goge da magagari har ta daidaita da katakon, ba ta fito ko da kaurin farce ba. Wannan wajibi ne, domin tagullar da ta ɗara katako za ta ɗaga gefe ɗaya, fulam ya riƙa ƙarya ko da idonsa na da lafiya.

Shi katakon abin da ake nema gare shi ɗaya ne, gindinsa ya zama a miƙe. Mun ja zare daga kai zuwa kai, muka kuma aza shi bisa gilashi mai kauri muka leƙa ko haske zai ɓullo ta ƙasa. Bai ɓullo ba, sai busasshen siminti da ya manne nan da can, wanda muka kankare a hankali. Kafintan da ya taya ni ya so ya bi shi duka da samfefa ya shafa masa fenti mai ƙyalli. Na hana. Duhun nan gumin mutum biyu ne, kuma duk abin da aka goge daga gindin fulam ba ya dawowa. Katakon da ya shekara sittin yana shan rana da raɓa bai murɗe ba, ya gama nuna halinsa, wannan kuwa shi ne abin da ba a saye a shago.

Ranar sa ido a zauren Baffa muka yi, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Tsofaffin maƙera fulam a cikin farin gari suke dasa kwalba, irin garin fi-o-fi da ake silin da shi yanzu, kuma shi muka samo cikin ɗan ƙulli. Na ƙwaƙule tsohon garin daga ramin da bakin allura. Na yanka 'yar farar takarda na shimfiɗa a ƙasa don kumfa ta fito sosai. Amma kafin a kwaɓa gari akwai tambayar da dole a amsa: a kan me za a saita shi? Ana bukatar wuri mai lebur na gaskiya, abin da ake gane lebur da shi kuma shi ne a kwance ba ido.

Baffa ya yi murmushi ya ce a ɗauko tiyo. Siririn tiyo ne mai haske, wanda birkiloli ke ɗaukar lebur da shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Aka cika shi da ruwa, aka kaɗa har iska ta fita duka. Ruwa a bakin tiyo biyu kullum tsayinsa ɗaya, wannan hukuncin Ubangiji ne, ba ya bukatar saiti. Muka yi alama biyu a bango, tazarar da ta ɗan gaza ƙafa biyu, muka kafa ƙusa a kan kowace, muka aza fulam a kansu. Sannan na kwaɓa gari da ɗan ruwa-ruwa, na zuba a ramin, na kwantar da kwalba doronta yana sama. Garin nan mintoci kaɗan yake bayarwa kafin ya kama. Ina danna wannan gefe da tsinke, ina ɗaga wancan, Baffa na tsugune yana cewa "ƙara kaɗan, ya isa, koma baya," har kumfa ta zauna tsakanin zane biyu.

"To, juya shi," in ji Baffa.

Na ɗaga fulam na juya shi, kan da ke gabas ya koma yamma, na mayar bisa ƙusoshin. Kumfa ta gusa da kamar ƙwayar gero. Ƙusa ɗaya ta ɗan fi 'yar'uwarta, kwalbar ma ta ɗan bi ta. Muka gyara rabi a ƙusa, rabi a kwalba, muka sake juyawa. A karo na uku ta tsaya wuri ɗaya ta kowace fuska. Muka bar shi nan har azahar ba wanda ya taɓa.

Wannan juyin shi ne ilimin fulam gaba ɗaya, kuma ba ya cin ko kwabo. Fulam shaida ne, magini alƙali. Alƙalin kirki ba ya karɓar shaida sai an yi mata tazkiyya, to tazkiyyar fulam ita ce a tambaye shi sau biyu a ji ko bakinsa ɗaya. Aza shi bisa benci ko dakali, ko da wurin ba lebur ba ne, ka zana inda ya kwanta. Duba inda kumfa ta tsaya, a ce ta karkata gabas kaɗan. Juya shi ka mayar kan zanen. In ta sake karkata gabas daidai gwargwadon farko, fulam ya faɗi gaskiya, bencin ne ya karkace. In kuwa ta koma yamma, ko ta sauya gwargwado, to akwai ƙarya a bakinsa. Idon tsaye kuma da igiya ake gwada shi: a rataya dutse a zare inda ba iska, a jera gefen fulam da zaren, a duba kumfa. Da irin wannan igiya da dutse Misirawa suka yi aiki, an ma sami kayan awon a kabarin wani ma'aikaci mai suna Sennedjem, suna gidan tarihi na Alƙahira. Babbar dalar Giza kowane gefenta ya kai mita 230, amma bambancin tudu a gindinta bai wuce kimanin santimita 2 ba.

Bayan mun gama, na roƙi birkilolin unguwa da ke aiki a wani gini su bar ni in gwada nasu. Samari ne masu ƙoƙari, waɗansunsu ma yaran Baffa ne. Cikin fulam biyar, biyu suka sauya magana da aka juya su, ɗaya kuwa sabo ne fil, ko wata bai yi ba. Mai shi ya yi shiru, don ya riga ya zuba linta da shi. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: fulam mai kuskuren milimita 2 a mita, in aka bi bango mai mita 10 da shi ta fuska ɗaya, ƙarshen bangon zai saɓa da farkonsa da santimita 2. Daga nan ake samun ƙofar da ba ta rufuwa sai an daka, da bayin da ruwa ke kwanciya a kusurwa ya ƙi bin kwata, da tayil da aka cika wa siminti a gefe ɗaya don a ɓoye aibu. Ba zan ce fulam ke rushe gidaje ba, wannan aikin ƙarancin siminti ne da rodi da raunin harsashi. Amma bangon da ya rusuna nauyinsa ba a gindinsa yake sauka ba, kuma damina ba ta raga wa irinsa. Tsofaffin birkiloli suna da dabarar da ke rage wannan: duk matsawar da za su yi gaba sai sun juya fulam, kuskuren wannan taki ya cinye na wancan. Baffa ya ce ubangidansa da dunduniyar cokali yake koya wa yaro wannan.

A nan Wudil muna da kwalejin fasaha ta gwamnati, muna da jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Ɗalibansu suna ganin na'urorin da ke jefa jan haske a bango, wayoyin hannu ma yanzu suna da manhajar fulam. Duk ina maraba da su. Sai dai su ma shaidu ne, su ma sukan sha faɗuwa su sauya magana, kuma da ruwa a tiyo da juyi ake kama su. Ina roƙon malaman da ke koyar da gini, a makaranta ko a bakin aiki, su sa wannan ya zama darasin ranar farko.

Fulam ɗin Baffa yanzu yana hannun babban yaronsa, yana aiki da shi, yana naɗe shi a rawanin nan in an tashi. Kai kuma mai karatu, in akwai irinsa a ɗakin mahaifinka, kada ka ba 'yan jari bola don ɗan tagullar jikinsa. Ja zare ka duba gindinsa, in a miƙe yake to ya cancanci ido. In kuwa jikin ne ya mutu, ciro kwalbar ka naɗe ta a auduga ka ajiye, akwai mai nemanta. Ranar da za a aza sahun farko na gininka, je ka tsaya a wurin, ka ce wa birkila cikin mutunci ya juya fulam ɗinsa a gabanka.